Kalmar Da Aka Ce Ba Ta Fassaruwa

A makon jiya na halarci walimar saukar Alƙur'ani a gidan wata 'yar'uwata da ke Tudun Wada, nan Zariya. Bayan an shafa addu'a aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fito da tuwon shinkafa da miyar taushe. Muna cikin ci sai wani dattijo da ke gefena, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba, ya ɗaga kai bayan loma ta uku ya ce, ba tare da kowa ya tambaye shi ba, shi a ganinsa duk wanda ya fara noman kabewa a duniya ya cancanci a riƙa yi masa addu'a. Nan take wuri ya kaure da dariya, yara suna cewa Baba ya yi santi.

A cikinmu akwai baƙo, wani Bayarabe abokin aikina wanda bai fi shekara biyu da zuwa Zariya ba. Yana jin Hausar ciniki da ta gaisuwa, amma bai kai ga irin wannan ba. Sai ya juya wajen ɗan 'yar'uwar tawa, wanda ke karatu a jami'a a Samaru, ya tambaye shi abin da ake yi wa dariya. Yaron ya girgiza kai cikin alfahari, ya amsa masa da Turanci cewa wannan kalma ba ta fassaruwa, sai wanda aka haifa cikin Hausa ne zai gane ta.

Wani malamin firamare da ke zaune tare da mu bai bar maganar ta wuce haka ba. Ya gaya wa baƙon cewa idan abinci ya yi wa mutum daɗi har ya saki baki ya faɗi maganar da ba ta da wuri, ko ya yi wani motsi da ba ya yi a sauran lokuta, to shi ne santi, kuma al'ada ce a kama shi da dariya. Jimla biyu ko uku ya yi. Baƙon ya fashe da dariya, ya ce yana da ƙanen uba da ke soma waƙa duk ranar da miya ta yi daɗi.

Da na yi wa yaron magana bayan an watse, sai ya ce, "Kawu, ai ba mu kaɗai ba ne, kowane harshe yana da irin waɗannan kalmomi." Ya shiga jero mini na Japanawa da na Jamusawa da ya haddace.

Kwana biyu bayan haka, a cikin motar haya daga Samaru zuwa Kwangila, na ji wani mai ilimi yana gaya wa na kusa da shi cewa ɓata lokaci ne a ce za a koyar da kimiyya da Hausa, domin kalmomin kimiyya ba su fassaruwa. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na ga magana ɗaya ce ta fito daga bakuna biyu: ɗaya ya faɗe ta don ya ɗaukaka Hausa, ɗaya kuma don ya rufe mata ƙofa.

Matsayina shi ne babu kalmar da ba ta fassaruwa. Akwai wadda ke da takwara a wani harshe, akwai kuma wadda sai an zauna an yi mata bayani, wani lokaci dogo, kuma ko an yi sai wani abu ya zube a hanya. Amma cewa da ake yi "ba ta fassaruwa" ya zama mafakar kasala ga mai fassara, ya zama abin tinƙaho ga matashi, kuma wanda zai fi cutuwa da shi a ƙarshe shi ne harshenmu.

Kalmomin da ake yawo da su

Bari mu duba kalmomin da yaron ya haddace, domin kusan su ne ake maimaitawa a ko'ina. Mutanen Fotugal da Barazil suna da *saudade*, wato kewa mai haɗe da daɗi, ta mutum ko wuri ko zamanin da ya wuce wanda mai yiwuwa ba zai dawo ba. Suna ji da ita ƙwarai, har a Barazil an keɓe mata ranar 30 ga Janairu. Japanawa suna da *komorebi*, hasken ranar da ke ratsowa ta tsakanin ganyen bishiya, da *tsundoku*, sayen littattafai a tara su ba a karanta ba. Mutanen Danmak suna da *hygge*, natsuwa da jin daɗin zama cikin ɗumi tare da naka yayin da sanyi ke kaɗawa a waje. Jamusawa suna da *Schadenfreude*, farin cikin da mutum ke ji idan masifa ta sami wani.

Na lura da abu ɗaya game da irin wannan jeri. Duk inda aka rubuta kalma aka ce ba ta fassaruwa, a layin da ke ƙasa za ka tarar an rubuta ma'anarta, kuma mai karatu ya gane. Ga shi ni ma na yi haka yanzu da Hausa, ban kuma yi zaton akwai wanda ya ɓace a cikin masu karatu ba.

Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mangwaro da hantsi ya ga ɗigon haske yana rawa a kan tabarma ya san *komorebi*. Wanda ya taso a gidan da ake kewaye kaskon garwashi da daren hunturu, ana gasa dankali kaka tana tatsuniya, ba ya bukatar zuwa Danmak kafin ya san *hygge*. Ita kuwa *saudade*, ina ganin muna da abin da ya kusa kamo ta, wato bege. Ka saurari tsohuwar da ke rera waƙar begen Annabi da asuba, ko alhajin da ya dawo shekara ashirin da suka wuce amma idonsa ke cikowa da an ambaci Madina, za ka ji kewar da mai ita ba ya so ta rabu da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin da ake amfani da shi. Idan aka ce kalma ba ta fassaruwa, galibi abin da ake nufi shi ne Turanci ba shi da kalma guda da ta yi daidai da ita. A ɗauki *omiyage* ta Japanawa, abin da matafiyi ke sayowa ya raba wa 'yan gida da maƙwabta da abokan aiki, wanda kuma abin kunya ne ya dawo babu shi. Bature yakan sha wahala wajen bayyana ta, mu kuwa kalma ɗaya muke bukata: tsaraba. Haka wata doguwar kalma ta harshen Yagan na can ƙarshen Kudancin Amurka, *mamihlapinatapai*, wadda ake bayyanawa da kallon da mutum biyu ke yi wa juna kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara abin da dukansu ke so. Bahaushe zai ce ana kallon-kallo, ya wuce. Idan ɗalibinmu ya haddace waɗannan yana mamaki, giɓin Turanci yake haddacewa, yana zaton giɓin duniya ne.

"Ai bayani ba fassara ba ne"

Wannan ita ce hujja ta farko da za a kawo mini, kuma na ji ta daga bakin mutanen da nake girmamawa. Sukan ce fassara ita ce a ba da kalma a karɓi kalma, idan kuwa kalma ɗaya ta zama jimla uku to an bar fassara an shiga sharhi.

Ban san inda muka samo wannan sharaɗi ba, amma na tabbata ba daga malamanmu muka gaje shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu a cikin birnin Zariya, a unguwannin ilimi irin su Juma da Kona, ya san yadda ake yi. Almajiri yana riƙe da Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya ja baki ya karanta Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana bin sa da Hausa. "Alhamdu," dukkan yabo da godiya, "lillahi," sun tabbata ga Allah. Tun a kalmar farko malam ya sa kalmomin Hausa fiye da ɗaya, domin ya san yabo kaɗai bai ɗauke ta ba, godiya kaɗai ma haka. Idan aka zo kan *taƙawa* zai ce tsoron Allah, sannan ya dakata ya bayyana cewa wannan tsoro ya bambanta da wanda ake yi wa zaki ko ɗan fashi, domin shi kiyayewa ne da ke sa bawa ya ƙara matsowa kusa da wanda yake tsoro. Ba a taɓa jin almajiri ya ce malam ya kasa fassara ba. Da wannan hanya aka ɗauko fiƙihu da nahawu da tauhidi aka zuba su cikin Hausa shekaru aru-aru.

Malaman nan sun fi kowa sanin iyakar aikinsu. Da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya mayar da Alƙur'ani zuwa Hausa, tarjamar ma'anoni aka kira aikin, domin an yarda cewa lafazin da aka saukar yana nan a Larabcinsa. Amma sanin wannan iyaka bai hana shi yin aikin ba, kuma bai hana masu tafsiri zama kowane azumi suna isar da saƙon ga waɗanda ba su jin Larabci ba. Tun kafin su, Nana Asma'u ta mayar da waƙar mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, *Tabbat Haƙiƙa*, daga Fillanci zuwa Hausa, waƙa zuwa waƙa, wanda shi ne mafi wuyar nau'in fassara.

Wani masanin harshe ɗan asalin Rasha, Roman Jakobson, ya yi wata magana a 1959 da nake ganin ta warware wannan batu. A taƙaice ya nuna cewa harsuna ba su bambanta a kan abin da za su iya faɗa ba, inda suka bambanta shi ne abin da kowannensu ke tilasta wa mai magana ya faɗa. Misalin yana cikin gidajenmu. Yaron nan Kawu yake ce mini domin ni ɗan'uwan mahaifiyarsa ne, da ta wajen uba ne da Baffa zai ce. Bature kalma ɗaya yake da ita ga mu biyun. Hausa ba ta barin ka ce wa mutum komai sai ka zaɓi kai ko ke, ba ta son ka ambaci ɗan'uwa ba ka nuna wa ne ko ƙane ba. Wannan bai hana Bature cewa ɗan'uwan uwa ba idan yana so, sai dai zai ƙara kalmomi. Mu ma haka muke ƙarawa a inda harshensa ya taƙaita.

Abin da ke zubewa a hanya

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma a nan dole in sassauta. Masu ita sukan ce ko an bayyana ma'ana, ɗanɗano ya tafi. Gaskiya ne, kuma babu inda ya fi bayyana kamar a kalmomin ɗabi'a.

Ɗauki kunya. Ƙamus zai ba ka kalmar Turanci da ke nufin abin da mutum ke ji bayan ya aikata abin assha. Wannan ɓangare ne kawai, kuma shi ne ƙarami. Kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, wadda ke sa mace ta ce Malam ko maigida maimakon sunan mijinta, wadda ke sa suruki ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa, ba laifi ne ya jawo ta ba. Ado ce. Shi ya sa idan aka ce yarinya tana da kunya an yabe ta, idan aka ce ta ji kunya kuma wani zance ne daban. Mai fassarar da ya sa kalma ɗaya a wuraren biyu ya juya yabo ya koma zargi.

Kara ta fi wannan wuya. Ɗanka da ɗan maƙwabci sun yi faɗa, ka san naka ne ke da gaskiya, amma ka fito ka tsawata wa naka, ka rarrashi na maƙwabci. Ko kishiya ta ga ɗan abokiyar zamanta ya yi ɓarna ta kawar da kai, alhali da nata ne da ya sha faɗa. Wanda ya kalli wannan daga waje zai iya kiransa rashin adalci, ko tsoro, ko ma munafunci. Sai an gaya masa cewa mai kara yana sane da haƙƙinsa, ya bar shi ne da gangan domin zaman tare ya ɗore, kuma yana sa ran wata rana za a yi masa irinta. Kawaici da alkunya da dattaku duk 'yan gida ɗaya ne da ita, amma kowace da inda take zama.

Na yarda cewa baƙon da aka yi wa wannan bayani ba zai ji abin da nake ji ba idan aka ce wane ba shi da kara. Ni kalmar tana zuwa mini da fuskar kakata da muryarta. Amma a lura, wannan giɓi yana nan ko tsakanin Bahaushe da Bahaushe. Yaron da ya tashi a gidan bene a Abuja da wanda ya tashi a babban gida a Ƙofar Doka ba nauyi ɗaya kalmar ke da shi a zukatansu ba, ko da yake harshensu ɗaya. Abin da ya rage bayan bayani rayuwa ce, ita kuwa sai an zauna da mutane ake samunta.

Akwai wanda ya gwada wannan aiki a kan kalma ɗaya tak. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya koyar a Kongo nan Zariya, ya wallafa ɗan littafi a 1974 a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki. Ya tarar sai ya bi ta kan halaye goma kafin ya kamo ta: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wani zai ce wannan ya nuna kirki ba ya fassaruwa. Ni abin da na gani shi ne mutum ya ɗauki kalmarmu da muhimmanci har ya ba ta littafi guda, kuma waɗanda suka karanta shi a ƙasashen da ba a jin Hausa sun san wani abu game da mu wanda da ba su sani ba. Da ya tsaya a kan cewa ba ta fassaruwa, da babu abin da ya ƙaru da kowa.

Wai wanda ba shi da kalmar ba shi da halin

A nan ne maganar take zama haɗari. Daga "ba ta fassaruwa" taki ɗaya ne zuwa "su ba su san ta ba", kuma na sha jin ana yin wannan taki a majalisu. Za ka ji an ce ƙabila kaza ba su da kunya, shaida kuwa ko kalmar babu a harshensu. Mai faɗin haka yawanci bai san gaisuwa ba a harshen da yake yanke wa hukunci.

Fulani suna da *semteende*, kuma tana cikin ginshiƙan *pulaaku* tare da *munyal*, wato haƙuri, da *hakkiilo*, wato hankali. Mun ga abin ya burge mu har muka ari kalmar muka ce fulako. Yarabawa suna da *itiju*, suna kuma da *omoluabi*, mutumin da tarbiyya ta ratsa shi, wanda duk Bahaushen da aka bayyana masa zai ce ai wannan mutumin kirki ne. Zulu da maƙwabtansu a Afirka ta Kudu suna da *ubuntu*, wadda suke bayyanawa da cewa mutum yana zama mutum ne ta hanyar mutane, mu kuma muna cewa mutum rahama ne, muna da mutunci da zumunci. Ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, kowace da inda ta fi nauyi, amma dangin juna ne.

Ta ɗaya gefen kuma, Hausa ba ta da kalma guda mai ma'anar *Schadenfreude*. Shin wannan ya nuna ba mu san abin ba? Duk wanda ya taɓa jin an ce "Allah ya ƙara" bayan wani ya faɗi, ko ya ga maƙiyi yana dariyar ƙeta, ya san amsar.

Akwai wani sanannen labari da ya kamata ya zama gargaɗi. An daɗe ana cewa mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara suna da kalmomi hamsin, wasu su ce ɗari, na dusar ƙanƙara, wai saboda haka suna ganin duniyar da sauran mutane ba su gani. Da wata masaniya mai suna Laura Martin ta bi sawun maganar a 1986, sai ta tarar asalinta misalai huɗu ne da wani masanin al'adu mai suna Franz Boas ya kawo a 1911, masu maimaitawa suka yi ta ƙara adadin daga littafi zuwa littafi. Yawan kalmomi a kan abu yana nuna yawan hulɗa da shi ne kawai. Ka tsaya kusa da masu kula da dawaki ranar hawan Sallah a ƙofar fada, za ka ji akawal da kili da danda, inda ɗan birni zai ce baƙi da fari da mai dabbare-dabbare. Idanunsu iri ɗaya ne, sana'a ce ta bambanta su, kuma ɗan birnin zai koya cikin yini ɗaya idan aka nuna masa.

Garin da aka yi fassara sana'a

Na dawo kan mutumin cikin mota. Abin da ya sa maganarsa ta yi mini zafi shi ne a Zariya ya faɗe ta. Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929, a garin nan ta zauna tun farkon shekarun 1930, kafin ta koma Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Rupert East. A nan aka fara buga jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo* a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma da Hausa ta bayyana wa mutanenmu Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragensa da makamansa da ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Waɗannan mutane kullum suna cin karo da abubuwan da Hausa ba ta da sunansu, ba su kuma ajiye alƙalami ba.

Hanyoyin da suka bi, su da ma'aikatan gidajen rediyo da suka biyo baya, irin su Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, ba ɓoyayyu ba ne. Wani lokaci a ara, kamar yadda muka ari albarka da niyya da sadaka daga Larabci, da mota da asibiti da tebur daga Turanci, har suka zama namu. Wani lokaci a ƙera sabuwa daga kayan gida: jirgin sama, hawan jini, zazzaɓin cizon sauro, ƙanjamau, ɗumamar yanayi, yanar gizo. Wanda ya fara cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba ta sunan da ya fi na asali bayyana aikin da aka kafa ta domin shi. Aron ma ba hanya ɗaya yake bi ba. Gyaran da mai awo ke ƙara maka a kan mudu ya tafi kudu ya zama *jara*, bukkarmu ta zama *buka*, wadda ƙamus ɗin Oxford ya shigar cikin Turanci a 2020 tare da Kannywood.

Kalmomin kimiyya ma sun fi kunya da kara sauƙin fassara nesa ba kusa ba, domin ma'anarsu a ƙayyade take, an yi ittifaƙi a kanta, ba ta rataye da kakar kowa ba. Turancin kansa aro ya yi daga Girkanci da Latin da Larabci. An kuma gwada abin a ƙasar nan: daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ife inda aka koyar da yaran firamare shekara shida da Yarabanci, har da lissafi da kimiyya, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. Abin da Hausa ke bukata shi ne mutanen da za su zauna su yi aikin, da hukumar da za ta daidaita abin da suka samar domin kada kowane gidan rediyo ya riƙa faɗin nasa.

Inda kalma ke mutuwa

Waccan doguwar kalma ta Yagan tana nan tana yawo a duniya ana sha'awarta, amma mace ta ƙarshe da ta tashi da harshen a matsayin harshen uwa, Cristina Calderón, ta rasu a ƙasar Cile a 2022 tana da shekara 93. Sha'awar da aka yi wa kalma ɗaya ba ta ƙara wa harshen mai magana ko guda ba. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga matasanmu suna tinƙaho da santi da kara a gaban baƙi, alhali idan aka ce su bayyana su, ko da Hausar ce, sai su yi shiru. Na gaya wa ɗan 'yar'uwata cewa ranar da aka sake tambayarsa ya ɗauki minti biyu ya yi bayani, idan ya kasa ya je ya tambayi kakarsa tun tana raye.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce, wata maƙwabciyarmu ta aiko 'yarta, mai kimanin shekara tara, da kwanon abinci. Uwargidana ta juye, ta wanke kwanon, ta miƙa wa yarinyar da 'yan kuɗi a kan murfin. Yarinyar ta ja da baya ta ce, "Mama, ai ba sayarwa ba ne, kyauta aka ce in kawo." Uwargidan ta ce mata wannan tukwici ne. Ta tambaya mene ne tukwici.

Sai uwargidan ta zaunar da ita a bakin tabarma ta gaya mata cewa ba kuɗin abinci ba ne, ba kuma ladan aike ba ne, alama ce ta cewa an ji daɗin kyautar har an girmama ƙafar da ta kawo ta, kuma na ɗan aike ne shi kaɗai, babu mai karɓe masa. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ce idan ta koma gida za ta tambayi mahaifiyarta ko ita ma ta san kalmar.